Mita Arba'in da Biyu a Hanyar Doso

Ku ukun nan kun tashi kun tarar ba na zuwa gidan kakarku ta wajen uwa. Ran salla mahaifiyarku ce take shirya ku ta tafi da ku, ni ina gida. Da kuna ƙanana kun yi tambaya, aka ce muku ina da gyaran takardun 'yan lakwal, wato 'yan makarantarmu. Da kuka girma kuka daina tambaya, amma na san kowannenku ya tsinci wani yanki na maganar a bakin wani. Amina ta ji an ce ni na kai kawunku Haruna gidan kaso. Sani ya ji an ce tun farko ba na ƙaunarsa. Ban san abin da Bashir ya ji ba, shi ba ya faɗa. Yanzu mahaifiyarku ta rasu, ni kuma tsufa ya kama ni, gara in rubuta muku yadda abin ya faru, da inda nake ganin na yi daidai, da inda ban yi ba.

A shekarar ina cikin shekara ta tara da fara koyar da fizik a lise, wato babbar sakandare ta Gaya. Ban gaji ba tukuna a lokacin. Ina da wata ɗabi'a da sauran malamai suke yi mini dariya a kanta, ba na son darasi ya ƙare a cikin aji. In muka zo kan kibiyoyin nan da littafi ke kira bekter, sai in kwashi yara mu gangara bakin kogi, mu tsaya mu kalli masu kwalekwale suna ƙetarawa Malanbil, garin da ke ɗaya gaɓar. In ce musu su duba inda mutum ya sa hancin jirginsa, su kuma duba inda zai sauka. Yana tuƙawa can sama, ruwa yana jansa ƙasa, jirgin kuma ya bi wata hanya ta uku da ba ta tuƙinsa ba ce, ba ta ruwan ba ce. In zana musu kibiyoyin uku a kan rairayi da tsinke. Yaran da ubanninsu masunta ne su ne suke fara ganewa, ko da kuwa faransancinsu bai kai na 'ya'yan ma'aikata ba. Wannan abu yana yi mini daɗi ƙwarai, kuma yanzu na san har da girman kai a ciki. Ina so a ce a duk jihar Doso babu mai koyar da fizik kamar ni Mushe Idi, yadda yara suke kiran malami da faransanci.

Haruna kuwa ƙanin mahaifiyarku ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ne auta. Shekara huɗu ya yi a gidanmu bayan rasuwar mahaifinsu. Da ya ƙi karatu, ni na kama hannunsa na kai shi wurin wani mai motoci ya koyi tuƙi. Kafin wannan shekara ya samu kamiyo, babbar motar kaya, yana yin Kwatano yana dawowa, kuma bai taɓa wuce Gaya bai shigo gidanmu da abarba ko burodi ba. Amina, ke kina iya tunawa, shi ne yake ɗora ki a wuya ya zaga tsakar gida da ke. Duk wanda ya ce muku ba na ƙaunarsa bai san gidanmu ba.

Wata ranar Talata ce a farkon sanyi, lokacin da rake ya fara shigowa kasuwa. Na fito a kan babur wajen ƙarfe bakwai da rabi, sai na ga mutane tsaitsaye a bakin titi, a fitar gari ta hanyar Doso, ba nisa da lakwal ɗinmu. Ga rake warwatse, ga taya ɗaya ta amalanke a cikin rami. Motar ba ta wurin, an riga an janye ta zuwa wajen jandarma. Na tambayi wani mai shayi, ya ce kamiyo ce ta kaɗe amalanken jaki da sassafe, an kai mai amalanken gidan likita. Na ce Allah ya ba shi lafiya. Amma gaskiyar da zan faɗa muku ita ce, idona ba a kan raken yake ba. Ya riga ya sauka a kan baƙaƙen layuka biyu da tayoyin motar suka shata a kan titi, dogaye, miƙaƙƙu, kamar an ja su da abin zane. A makon nan muke kan dokokin motsi da 'yan ajin ƙarshe. Na ce a raina ga darasi ya zo har ƙofa.

Ƙarfe goma na karɓi igiyar awo wurin malamin wasanni, na fito da yara talatin da wani abu. Biyu suka tsaya suna tsayar da motoci, biyu suka ja igiya. Muka auna sau uku don kada a yi kuskure. Mita arba'in da biyu. Muka koma aji, na zana motar a allo da kibiyoyinta: nauyi yana janta ƙasa, titi yana tura ta sama, gogayyar taya da titi tana janta baya. Na maimaita musu abin da nake maimaitawa kowace shekara, cewa abu mai tafiya ba ya tsayawa don kansa, sai wani ƙarfi ya tare shi, kuma in gudu ya ninku biyu, nisan da za a ci kafin a tsaya ninkuwa huɗu yake yi. Wata yarinya mai suna Zalika, 'yar ƙauyen Bengu da take zaune wajen gwaggonta a Gaya, ta ɗaga hannu.

"Mushe, ai ba mu san nauyin motar ba."

Na yi murmushi, don tambayar da nake jira ke nan. Na nuna musu yadda nauyin ya fito a ɓangarori biyu na lissafin, na soke shi da alli a nan, na soke shi a can. Na ɗauko lambar gogayya daga bayan littafi na sa. Amsa ta fito, kilomita tamanin da ɗaya a awa. Na ja mata layi biyu a ƙasa, yara suka kwafa a kaye, littafinsu na rubutu. Na fito daga ajin nan ina jin ban taɓa yin darasi mai kyau kamarsa ba.

Da azahar na iso gida na tarar da takalman mata a ƙofar ɗaki. Kakarku, wadda dukanmu muke kira Inna, tana zaune a kan tabarma, mahaifiyarku tana gefenta idonta ya yi ja. Motar Haruna ce. Mu mun ɗauka yana Kwatano, ashe ya ƙetaro gadar Malanbil tun jiya da lodin siminti, dare ya yi masa ya kwana a tasha bai leƙo mu ba. Mai amalanken kuma, wani manomi ɗan Bengu da ake kira Tanko, ya cika kafin rana ta take. Haruna ya gaya wa jandarma talatin yake tafiya, jakin ne ya firgita ya faɗo titi, mutumin kuma da alama gyangyaɗi yake yi. Su jandarman ba su auna komai ba, abin da ya faɗa suka rubuta. Na tsaya a bakin ƙofa ina ji, ƙurar alli tana hannuna. Na san mai tafiyar talatin, ko da birki mai rauni, ba zai ci mita goma ba kafin ya tsaya.

Kwana takwas ban ce wa kowa komai ba. Ina zuwa aiki, ina dawowa, ina bi ta kan layukan nan ina ganin suna dusashewa ƙarƙashin tayoyin motoci. Na yi fatan su ɓace, na yi fatan yara su manta. Na fara wani sabon babi a ajin tun lokacinsa bai yi ba. Ran kwana na tara, bayan la'asar, aka yi sallama. Wani mutum ne dogo, ƙafafunsa duk faso, riƙe da kaye mai shuɗin bango a hannu biyu. Ya ce sunansa Garba, ƙanin marigayi Tanko ne. Zalika ta je gida ƙarshen mako, maƙwabtansu ne, ta nuna masa. Na shimfiɗa masa tabarma a zaure, na kawo ruwa, bai sha ba.

"Malam, ni ban yi boko ba," ya ce. "Yarinya ta karanta mini, ban gane duka ba. Abu ɗaya na zo tambaya. Abin da ke cikin takardar nan, gaskiya ne ko wasan yara ne?"

Na ce masa lissafin aji ne, an yi shi don koyarwa.

"Na ji. Amma gaskiya ne?"

Na mai da idona kan kayen da ke hannunsa.

"Shekara ashirin wana yana kawo rake Gaya," ya ce. "Bai taɓa barci a kan amalanke ba. Yanzu 'ya'yansa shida suna ji a gari ana cewa sakacin ubansu ne ya kashe shi. Mutuwa ta Allah ce, mun karɓa. Wannan maganar ce ba mu iya karɓa ba. An ce mini direban surukinka ne. In ka ce in tafi, zan tafi, ba zan ga laifinka ba."

Na roƙe shi ya ba ni kwana biyu. Ya bar mini kayen ya tafi.

Mahaifiyarku tana tankaɗe a tsakar gida lokacin da na gaya mata. Ba ta ɗago ba har na gama. Sannan ta ajiye rariya ta ce:

"Wa ya aike ka ka auna?"

Na ce ban san motarsa ba ce.

"Na sani. Amma ta wani ce ai. Mutum yana kwance a gidan likita, kai kana jan igiya a inda jininsa ya zuba."

Ta ci gaba da tankaɗenta. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, ita ba za ta ce in yi ƙarya ba, ba kuma za ta ce in tafi ba, duk wanda na zaɓa ita ce za ta ɗauka.

Washegari Inna ta aiko a kira ni. Shekara goma sha ɗaya ina surukinta, ba mu taɓa yin maganar da ta wuce gaisuwa ba, ita tana daga cikin ɗaki, ni ina tsugune a waje. Ran nan ta ɗage labule ta fito ta zauna a gabana.

"Ban ce ka rantse a kan ƙarya ba," ta ce. "Cewa za ka yi aikin yara ne, ba ka da tabbas. Wanda ya mutu ba zai dawo ba. Wannan kuwa shi kaɗai ne namijin da ya rage mini. Kai ka kai shi tuƙin nan da hannunka."

Na ce, "Inna, yara talatin sun gani."

"Yara suna bin bakin malaminsu."

Daga wurinta na wuce inda ake tsare da Haruna. Ya rame a kwana goma, gemu ya fito masa. Na tambaye shi, tsakanina da shi, nawa yake gudu. Ya ce talatin. Na ce masa mita arba'in da biyu ne, ni na auna. Ya ce, "Yaya, kaya ne suka yi nauyi, siminti ne fal." Sai na kama yi masa bayani, a wurin nan, ta tsakanin ƙarafa, yadda nauyi ke sokewa a lissafi. Ya tsaya yana kallona kamar bai taɓa ganina ba. Da na gama ya ce:

"To ka je ka gaya musu."

Na je. Ba zan ce muku don tsoron Allah kaɗai na je ba, ko da yake akwai shi. Akwai fuskar Garba da yadda ya riƙe kayen nan. Akwai kuma tunanin in tsaya gaban yaran da na ja wa amsa layi biyu in ce musu wasa nake yi. Wannan na ƙarshe ya yi nauyi a zuciyata fiye da yadda ya kamata. Ran shari'a alƙali ya sa aka kawo allo, na sake zana motar da kibiyoyinta. Ina juyowa na hango mahaifiyarku a bencin baya, Bashir yana goye a bayanta. Alƙali ya tambaye ni gudun motar, na ce tamanin da ɗaya. Ya ce na tabbata? Na ce na tabbata.

A nan ne na yi kuskuren da nake so ku sani. Lambar gogayyar da na ɗauko a bayan littafi ta ƙaramar mota ce mai lafiyayyun tayoyi, a wata ƙasa da ban taɓa zuwa ba. Kamiyo mai ɗauke da siminti, da tayoyin da suka suɗe, da birkin da ba dukan ƙafafu yake kamawa daidai ba, ba ta tsayawa kamar motar littafi. Nauyi yana sokewa a allo, amma a kan titi ba kullum yake sokewa tsaf haka ba. Na san wannan a lokacin, ko ban san shi duka ba na san isasshe. Abin da ya kamata in ce shi ne, tsakanin sittin da wani abu zuwa tamanin, amma ko kusa ba talatin ba. Wannan ita ce gaskiyar, kuma da ta isa ta wanke Tanko. Sai dai ina tsaye gaban jama'a da alli a hannu, kuma malamin da ya saba da ba da amsa ɗaya ba ya son a ji yana cewa wataƙila. Aka yanke wa Haruna shekara biyu, aka karɓe takardar tuƙinsa. Ban sani ba ko da na faɗi magana da sauƙi hukuncin zai ragu. Na yi shekaru ina juya wannan a raina, ban kai ko'ina ba.

Garba ya zo bayan mako guda da damin rake a kan keke. Na karɓa don kada in kunyata shi. Ya kwana uku jingine a zaure babu wanda ya taɓa, sannan na rarraba wa maƙwabta.

Mahaifiyarku ba ta yi yaji ba, ba ta taɓa ɗaga mini murya a kan maganar ba. Duk Juma'a tana dafa shinkafa da kifi ta kai wa ƙaninta, ni nake kai ta a babur har kwanar gidan kason, in tsaya ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro in jira ta. A hanya ba ma magana. A da in ina gyaran takardu da yamma takan jawo kujera ta zauna kusa da ni tana tsince wake, tana tambayata wane yaro ne ya fi ƙoƙari. Daga shekarar ba ta ƙara jawo kujerar ba. Abincina bai taɓa makara ba, tufafina ba su taɓa kwana da datti ba, da na yi ciwon da ya kwantar da ni wata biyu ita ta yi jinyata. Amma wannan zaman bai dawo ba, ni kuma ban iya roƙonsa ba. Inna ba ta sake taka gidanmu ba har ta bar duniya. Na je jana'izarta na tsaya a sahun baya.

Aiki kuwa na ci gaba da shi shekara ashirin da biyu. Ban ƙara fita da aji ko bakin ƙofar lakwal ba. In muka zo kan dokokin motsi sai in buɗe littafi in ba su misalin da ke ciki, wani akwati a kan wani gangare, wanda ba na kowa ba ne. Yara suna cin jarrabawa, ba wanda ya yi ƙorafi. Zalika ta zama malamar fizik, na ji an ce tana kai 'yan ajinta bakin kogi. Na yi mata murna, amma da ta gayyace ni in zo in gani, na ce ƙafata tana ciwo.

Haruna ya fito ya buɗe rumfar facin taya kusa da tasha, inda yake har yanzu. Shekara da shekaru in muka haɗu a masallacin Juma'a sai kowa ya dubi wani wuri. Ran addu'ar uku ta mahaifiyarku, bayan mutane sun watse da hantsi, na ɗago na gan shi zaune shi kaɗai a ƙarshen tabarma. Kansa ya yi fari fat, ya fi ni alamar tsufa ko da yake na ba shi shekara goma sha biyar. Na matsa na zauna kusa da shi. Sai ya ce, yana kallon ƙasa:

"Saba'in nake, Yaya. Na dubi allurar gudu kafin in hango amalanken. Ina so in kai Doso kafin rana ta yi zafi."

Na ce masa ni ma na faɗi abin da ya wuce sanina a gaban alƙali, ya yafe mini.

"Goma sha ɗaya ce tsakaninka da gaskiya," ya ce. "Tsakanina da gaskiya kuwa arba'in."

Na tambaye shi me ya hana shi faɗa tuntuni. Ya ce da Inna tana da rai bai iya ba, da ta rasu kuma sai ya ga an riga an saba. Ya ce ya gaya wa mahaifiyarku tun yana gidan kaso, a wata Juma'a, ya roƙe ta kada ta gaya mini. Ta riƙe masa. Wato duk shekarun nan da nake jiranta a ƙarƙashin mangwaro, da waɗanda suka biyo baya, ta san abin da ya faru fiye da ni, tana tsakanin mijinta da ƙaninta, ba ta ba da ɗayanmu ga ɗaya ba. Na so a ce tana nan in tambaye ta yadda ta yi. Haruna ya tashi ya sa takalmansa, na raka shi har bakin titi, muka yi musabaha.

Abin da na sani ke nan, ban rage komai ba. Ba na neman ku yanke wa kowa hukunci, an riga an yanke, kowa kuma ya biya nasa. Kawunku ba shi da ɗa namiji, idonsa ɗaya ya fara mutuwa, har yanzu shi yake ɗaga tayoyin kamiyo da kansa. In kun zo Gaya, kafin ku sauke kaya a gidana, ku biya ta tasha ku gaishe shi. Shi ne abin da ya rage muku na mahaifiyarku.